Kafin Ka Zuba Wa Wake Yuriya

Da zarar ganyen wake ya soma rawaya a bayan gida, hankalin mai shi kan yuriya yake tafiya. Haka ɗalibaina suke yi, haka maƙwabta, har da mutanen da suka buɗe ido a gona. Ba laifinsu ba ne, a jikin masara muka koyi karatun ganye. Masara in ta yi rawaya galibi yunwa ce: ka barbaɗa mata yuriya, ruwa ya sauka, kafin mako ya zagayo ta koma kore shar. Sai muka ɗauki wannan darasi muka ɗora wa kowace shuka. Shi kuwa wake halinsa daban. Abubuwan da ke sauya masa launi suna da yawa, ƙarancin yuriya yana can baya a cikinsu, wani lokacin ma yuriyar ce take ƙarasa shi.

Ni malamin aikin gona ne a makarantar sakandare, ina kuma da 'yan kunyoyin wake a jikin katangar gida, da wasu a buhuna. Saboda haka ba na rasa mai tare ni da ganye a leda ko hoto a waya: "Malam, duba mini wannan." Ganye ɗaya da aka tsinko ba ya faɗa mini abin kirki. Abin da nake fara tambaya shi ne, daga ina aka tsinke shi, daga gindi ko daga kan shukar? Sai ka ga mutum ya yi jim, don bai kula ba. Alhali rabin amsar a nan take, sauran rabin kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Koren ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil, shi ke kama hasken rana shuka ta haɗa abincinta. Wasu Faransawa biyu masu harhaɗa magunguna, Pelletier da Caventou, su suka fara ware shi daga ganye a 1817. Daga baya wani Bajamushe, Richard Willstätter, ya nuna akwai magniziyam a cikinsa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1915. Kowace ƙwayar kulorofil tana da magniziyam ɗaya a tsakiya, naitirojin huɗu sun kewaye shi. Sinadarin ƙarfe ba ya cikin ginin, amma in babu shi ginin ba ya yiwuwa. Rawayar kuwa dama tana cikin ganye tun farko, koren ne ya rufe ta. Duk abin da ya hana shuka ƙera kore, ko ya sa ta rushe wanda ta ƙera, rawaya ce za ta bayyana. Yunwa, yawan ruwa, cuta, tsufa, duk launi ɗaya suke haifarwa, shi ya sa "ganyen ya yi rawaya" ba ta isa a je sayen magani a kanta ba. Ja da shunayya lamarinsu daban: su shuka ce ke ƙera su sabo idan ta shiga matsi, kuma dangin sinadarin da ya ba zoɓo jansa ne.

Ga dalilin tambayar gindi ko kai. Akwai abincin da shuka ke iya kwashewa daga wani ganye ta kai wa wani, wato naitirojin, fosfaras, fotashiyam da magniziyam. In sun yi mata ƙaranci sai ta yi irin ta uwa a gidan da tuwo bai isa ba, ta rage daga kwanon manya ta ƙara wa ƙarami. Tsofaffin ganyen gindi su ne manyan, su za su fara koɗewa, tohon sama yana kore abinsa. Akwai kuma wanda in ya zauna a ganye ya zauna ke nan, irin su ƙarfe da kalsiyam. In waɗannan suka yanke, tsohon ganye yana riƙe da nasa, sabon da ke fitowa ne zai fito a koɗe.

Rawayar farko da ke tayar wa sabon mai shuka hankali ba ciwo ba ce ko kaɗan. Wake idan ya tsiro yakan ɗago ɓarin ƙwayarsa biyu sama da ƙasa. Guzurinsa ne, yana shanye su, su yanƙwane su faɗi. Sai ganye biyu na farko masu fuskantar juna, waɗanda ba a raba su uku irin na sauran ba. Su ma in ganyen sama sun yi musu inuwa sai su yi rawaya su zube. Tsakanin mako na biyu da na uku kuma duk shukar takan ɗan yi haske, domin guzuri ya ƙare, abokan aikinta na ƙasa kuwa ba su fara biya ba tukuna.

Waɗannan abokan su ne asirin wake. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa a haka. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a ƙasa, ana ce musu raizobiya, da ke shiga saiwar wake su sa ta yi 'yan ƙullutai. A ciki suke zama suna mayar da naitirojin na iska abin da shuka za ta iya sha, ita kuma tana ciyar da su da sukari. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da wannan a 1886, bayan shekara biyu Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar kanta. Kakanninmu da ke cusa wake tsakanin gero da dawa ba su jira su ba, sun riga sun lura cewa gonar da wake ke kwana a cikinta ba ta gajiya da wuri. Ƙasarmu kuwa tana da irin raizobiyar da wake ke so, galibi ba sai an sayo ba.

Ana iya ganin aikinsu da ido. Ka sa wuƙa ko cokali ka tono gindi ɗaya tare da ƙasarsa, ka tsoma a ruwa ƙasar ta saki da kanta. In ka fizge shi, ƙullutan za su tsinke su zauna a rami. Ka tsaga ɗaya da farce. In cikinsa ruwan hoda ne ko ja-ja, aiki yake yi. Jan nan na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana riƙe iskar oksijin don kada ta ɓata wa bakteriya aiki. In fari ne, bai fara ba. In ya yi kore-kore ko ya yi duhu da laushi, ya gama ko ya mutu. A kowace shekara nakan sa ɗalibai su yi wannan tsagawar, kuma ban taɓa ganin ajin da bai yi shewa ba idan jan ya bayyana.

To ga abin da mai zuba yuriya yake yi a wannan gaɓa. Wake in ya sami naitirojin a ɓagas ba ya ɓata sukarinsa wajen ciyar da baƙi, sai ƙullutan su ragu. Ganye zai yi kore ya yi faɗi, yaɗo ya cika wuri, mai shi yana murna. Fure kuwa ya yi jinkiri, kwanso ya yi kaɗan, ƙwari masu tsotso su sami lallausan ganye su baje. Shawarar da masanan cibiyar binciken noma ta IITA ke ba manoman wake ita ce ɗan naitirojin kaɗan lokacin shuka, wajen kilo 15 a hekta guda, musamman a ƙasar da ta gaji, sauran ƙarfin a mayar kan supa, takin fosfaras. Ka raba kilo 15 ga faɗin hekta ka ga abin da zai faɗo wa buhu ɗaya: bai cika cokalin shayi na kamfa ba. Mutanenmu kuwa da tafin hannu suke ɗiba.

A abin da nake gani, ruwa ya fi yunwa kashe waken gida. A tsakiyar markar Agusta wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai kiwon tumaki, ta aiko jikanta ya kira ni. Ta jera buhunan siminti a gindin indararo, wake ya hau igiya har ya kusa taga. Amma daga ƙasa zuwa gwiwa duk ganye ya yi rawaya, wasu sun zube, na sama kuma sun langaɓe, ga ƙasa jagab.

"Malam, ka ga ikon Allah. Ga ruwa har ya yi yawa, amma yaushi suke yi. Jiya ma na sa yaron nan ya ƙara musu taki."

"Hajiya, an huda gindin buhunan kuwa?"

"Huda kuma? Ai sai ƙasar ta zube."

Na nemi izini na zazzage buhu ɗaya. Warin kwata ne ya fara tarbar mu. Rabin ƙasar na ƙasa ya zama caɓi. Saiwar da ya kamata a gan ta fara tas ta koma ruwan ƙasa, in ka ja ta da yatsu biyu sai fatar ta saɓule ta bar zare. Ƙullutan sun yi baƙi, da ka taɓa sai su fashe. Saiwa numfashi take yi. Ruwa in ya cika ƙofofin ƙasa ya kori iska, 'yan kwanaki sun isa ta fara mutuwa, matacciyar saiwa kuwa ba ta shan ruwa ko da a cikinsa take kwance. Wannan ya sa waken da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishi ya kama suke kama da juna daga sama, har mai shi ya ƙara ɗauko bokiti. Yatsa ne ke raba su: ka tura shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu kafin ka ba da ruwa. Muka hudhuda sauran buhunan, muka ɗora su kan bulo, muka janye su daga bakin indararo. Waɗanda ba su yi nisa ba suka yi sabon toho kore. Ganyen da ya riga ya yi rawaya bai dawo ba, galibi ma ba ya dawowa, don haka a sabon toho ake duba ko gyara ya karɓu.

Buhun siminti yana da wani aibin in ba a wanke shi ba. Wake ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. Siminti, ɓaraguzan gini, toka da ruwan wanki duk suna tura ƙasa ɓangaren kanwa. A can kuwa ƙarfe yana nan a ƙasa amma ya ƙi narkewa, saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Alamar ba ta ɓuya: ganyen kai ne, sababbi, suke fitowa rawaya mai haske, jijiyoyinsu kaɗai ke kore siriri, in abin ya tsananta ganyen ya kusa zama fari. Na fi ganin wannan a gida fiye da gona, don tsakar gida ce matattarar toka da ruwan sabulu. Toka ba abokiyar gaba ba ce, tana da fotashiyam, ɗan barbaɗe a faffaɗar kunya ba ya komai. Amma a riƙa juye tokar murhu kullum a buhu ɗaya, an wuce gona da iri. Sai a daina, a ƙara ruɓaɓɓen taki, in kuwa buhu ne sauya ƙasar ya fi sauƙi.

Irin wannan zanen, rawaya tsakanin jijiyoyi, in a tsofaffin ganyen gindi ya bayyana, magniziyam ake zargi, wanda ruwan sama ke wankewa daga jigawa. In bakin ganye ne ya ƙone ya bushe zagaye, ko dai fotashiyam ya yi kaɗan, ko kuma gishirin taki ya yi yawa: ɗanyen kashin kaji da bai ruɓe ba, ko kamfa da aka zuba a jikin kara. Me aka zuba masa makon jiya? Amsar wannan takan raba gardama.

Shunayya ta fi ba mutane tsoro, don ba su saba ganinta ba. In ganye ya yi duhu ya ƙi faɗi, ƙarƙashinsa da karansa suka yi shunayya, shukar ta tsugune wuri ɗaya, fosfaras ne ya yi ƙaranci. Ƙasar arewacin Najeriya da kudancin Nijar tana fama da wannan ƙarancin ƙwarai, kuma ƙullutan nan ba sa aikin kirki sai da fosfaras. Ka ga ke nan waken da ya rasa shi yakan rasa naitirojin ma, ya yi rawayar da ke kiran yuriya alhali supa take nema. Shi supa a lokacin shuka ake binne shi kusa da inda saiwa za ta bi, don fosfaras ba ya tafiya a ƙasa. Barbaɗa shi a sama daga baya ba ya kai ko'ina da wuri. Sai dai kada a yi gaggawar yanke hukunci. Waken rani da aka shuka a Disamba ko Janairu yakan yi shunayya saboda sanyin daren hunturu kawai, da gari ya ɗumama ya ware. Akwai kuma irin waken da halittarsa ce gaɓoɓinsa da karan ganyensa su yi ja-ja. In yana girma yana toho, a bar shi.

Akwai wata rawayar da ba taki ba ruwa, ita ce ta fi ba ni haushi. Wake ya tsiro lafiya, ya yi wata guda, sai ya tsaya cak. Rawaya ta shiga tsakanin jijiyoyi, ganye ya ƙanƙance, ka ba shi duk abin da ka sani a banza. Can daga baya sai ka ga wasu gajerun tsirrai masu kauri, marasa ganyen kirki, sun ɓullo cunkus a gindinsa da 'yan furanni shunayya mai haske. Wuta-wuta ce. Ba doguwar nan mai fure ruwan hoda ta gonar dawa da gero ba, 'yar'uwarta ce ta wake, kuma kowacce da abin da take ci. Irinta ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu. Tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, suna iya yin shekaru a ƙasa suna jira, ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwa ke fitarwa. Daga nan su liƙe wa saiwar wake, su huda ta, su riƙa zuƙe ruwa da abinci. Ɓarnarta tun tana ƙarƙashin ƙasa take yi, ranar da ka gan ta a sama ta riga ta ci rabonta. Tana da abokiyar sana'a mai rawayan fure, Alectra, wadda ta fi yawa a wuraren da suka fi samun ruwan sama.

Yaya aka yi ta shigo gidan birni? A cikin ƙasar da aka ɗebo daga gona, ko takin dabbobi, ko a jikin harawar da aka sayo wa tumaki. In ta fito a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙone, kada a jefa ta juji, kuma kada a sake shuka wake a wannan ƙasar. Maganinta na gaskiya iri ne. Wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da ake kira B301 an same shi yana jure wa wuta-wuta da Alectra duka. Da shi masu binciken IITA suka yi ta haɗa aure, a cikinsu har da Dakta B.B. Singh, ɗan Indiya da ya yi shekaru yana aikin wake a tashar cibiyar ta Kano. Daga wannan aikin aka sami irin da aka fitar wa manoman Najeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, sai SAMPEA 14 da 15 suka biyo baya. Ita ma wuta-wutar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A wani yanki na Jamhuriyar Benin an tarar da wadda ta fi ƙarfin B301. Duk da haka, wanda ya taɓa ganinta a ƙasarsa ya nemi ingantaccen iri ya fi masa sayen kowane taki.

Tunda an tono saiwa, a kula da wata yaudara. Ba kowane kumburi ne ƙullutun alheri ba. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, nimatod, da ke shiga saiwa ta kumbura ta, shuka ta yi rawaya tana yaushi da rana ko da ƙasa da danshi. Ka murza da yatsa: ƙullutun raizobiya a gefen saiwa yake maƙale, yana ɓallewa ya bar saiwar lafiya. Kumburin nimatod kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya fita sai ka karya ta. An fi samun sa a inda aka daɗe ana maimaita tumatir da kuɓewa.

In launin bai bi gindi ko kai ba, sai dai dabbare-dabbare, kore mai duhu da mai haske sun cakuɗe a ganye ɗaya, ganyen ya tattare ya yi ƙuraje, to bairos ne. Ka juya tohon ka duba, sau da yawa za ka tarar da darɓa, 'yan baƙaƙen ƙwarin nan masu taruwa su tsotsa su bar danƙo, tururuwa na hawa da sauka a kansu. Su ke ɗaukar cutar daga wannan gindi zuwa wancan. Wani lokacin kuma tun a cikin ƙwayar take, abin da ke yawan faruwa ga wanda ya ɗebi iri daga mudun waken da aka sayo don ɗanwake ko alale. Bairos ba shi da maganin fesawa, duk wanda ya sayar maka da kwalba a kan haka kuɗinka ya ci. A tuge gindin da ya kamu tun da wuri, kada a ajiye irinsa. Darɓar kanta a gida ba ta bukatar guba mai ƙarfi a inda yara da kaji ke yawo: a murje ta da yatsa, ko a fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa, da ɗan sabulu kaɗan a ciki, da yamma.

A bazara, lokacin da iska ta bushe, wani abokin gaban ne ke zuwa. Ganye ya yi ɗige-ɗige ƙanana farare, sannan ya koma ruwan tagulla ya bushe. Ka shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi ka kaɗa ganyen, za ka ga 'yan jajayen ɗigo suna tafiya, a bayan ganyen kuma da siririyar yana. Jan gizo-gizo ke nan. Wanke bayan ganye da ruwa a kai a kai yana rage shi ƙwarai.

Tabo-tabo kuwa na damina ne, na fumfuna da bakteriya. Wani rawaya a sama da baƙin gari a bayansa, wani ruwan ƙasa da zoben rawaya, wani 'yan ƙuraje masu barin jan gari a yatsa. Sunayensu aikin masana ne, abin da mai gida zai yi kusan ɗaya ne: ya tsinke waɗanda suka kamu, ya rage cunkoso iska ta ratsa, ya ba da ruwa a gindi maimakon bisa ganye, kada kuma ya shiga cikinsu da raɓa. In kuwa rana ɗaya aka wayi gari toho ya murɗe ko ganye ya yi tabon ƙuna a gefe guda, a tambayi wanda ya yi feshin ciyawa a kusa, ko wace famfo aka ara ba a wanke ba.

Masu shuka fis, koren waken nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa, nasu lissafin ya ɗan bambanta. Shi ɗan sanyi ne, shi ya sa ya fi jin daɗin tsaunin Jos, a sauran wurare kuma sai da hunturu. Zafi in ya haura digiri 30 ya fara wahala, Maris ɗin Kano kuwa kan wuce 35. Daga nan zai soma rawaya daga gindi yana hawa, farin garin fumfuna ya rufe ganyen, babu takin da zai tsayar da shi, lokacinsa ne ya ƙare. Raizobiyarsa ma ba irin ta wakenmu ba ce, don haka a ƙasar da ba a taɓa shuka shi ba yana iya rasa ƙullutai, a nan ɗan naitirojin yana da amfani. 'Yan tabon azurfa da ke kan ganyensa kuwa halitta ce, iska ce a ƙarƙashin fatar ganyen. Da wannan fis ɗin Gregor Mendel, malamin coci a garin Brno na Jamhuriyar Cek ta yau, ya yi gwaje-gwajen da ya wallafa a 1866, waɗanda suka zama tushen ilimin gado. Ɗaya daga cikin siffofi bakwai da ya bi ita ce ko ƙwayar rawaya ce ko kore. Sai a 2007 aka gano dalilin: mai koren ƙwaya ya gaji naƙasa ce a wurin rushe kulorofil, koren ya kasa tafiya.

Wakenmu ba shi da wannan naƙasa, kuma da rashinta muke cin abinci. Idan kwanso ya fara cika, shuka takan rushe koren ganyenta da gangan ta kwashe naitirojin ta zuba a ƙwaya. Furotin ɗin da ke cikin ƙosai da alale, kaso mai yawa daga ganyen ya taso. Rawayar kaka ke nan, tana farawa daga gindi daidai lokacin da kwanso ke nauyi, kuma wanda ya zuba taki a lokacin asara kawai ya yi. Sababbin iri masu tsayuwa, masu nuna cikin kwana 60 zuwa 75, sukan yi ta kusan lokaci guda, mako ɗaya ka ga kunya ta sauya gaba ɗaya. Na gargajiya masu yaɗo irin su Kanannado ba sa gaggawa. Su sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina suke fure, suna ba da kwanso suna riƙe da ganye.

Mai kiwo a nan yake bukatar sa ido, don abin da ƙwaya ta samu harawa ce ta rasa. In aka bari ganye ya gama rawaya ya zube, kara kawai za a naɗe, tumaki su shinshina su bar shi. Da an tsince kwanson ƙarshe, ganye da sauran kore, sai a yanke, a bar shi ya sha iska, a naɗe da safe kafin rana ta sa ganyen ya riƙa karyewa, a ɗora bisa rufi ko reshen bishiya inda akuya da gara ba sa kaiwa. Masu sayen harawa a bazara launi suke fara dubawa kafin su tambayi kuɗi, dami mai kore kuma shi ake fara ɗauka.